'Yan Kallon da Ke Gyara wa Ɗan Wasa Zance

A 1951 aka fara nuna I Love Lucy a talabijin ɗin Amurka. Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz suka zaɓi a riƙa ɗaukar shirin a gaban jama'a, da kyamara uku a lokaci guda. Dole ɗan wasa ya haddace zancensa, in kuma ya saki abin dariya ya dakata sai ɗaki ya lafa. A wani shiri na 1957, ƙwan da Lucy ta ɓoye cikin riga ya fashe tana tsakar rawa, aka kwashe sakan 65 ana ƙyaƙyatawa. A wancan zamani, masu shirin da ba su son wannan wahala sai su nemi Charley Douglass, mai akwatin dariyar da aka naɗa, ya zuba musu gwargwadon buƙata.

Amma ɗan kallon can mai ladabi ne: a ba shi kujera, ya dara, ya tafi gida. Namu na Anka da Gummi da Bukkuyum, wanda ya tashi da tashen goma ga azumi, ya ga Idon Matambayi na NTA Sakkwato, ya san Samanja da Ibro, bai yarda aikinsa dariya kaɗai ba ne. Ka share fage a bakin kasuwa ko filin makaranta, ka kafa kyamara, za ka gamu da waɗannan.

Mai riga malam masallaci. Tun ɗan wasa na gyara hula ya fara riƙe ciki. Kafin a zo gun abin dariyar ya gaji, yana share hawaye yana tambayar na kusa: "Mi yac ce?"

Ɗan rahoto. Zuciyarsa ba ta jure ganin ana cutar bawan Allah. Ɓarawo ya laɓe, maigida na laluben tocila, sai ka ji daga baya: "Ga shi nan bayan ƙyaure!" Yanzu maigida ko dai ya yi kurumcin ƙarya, ko ya kama ɓarawon da aka tsara sai ƙarshen wasa za a kama.

Masanin asali. An liƙa wa yaro gemun auduga, an naɗa masa rawani, yana taku ɗaiɗai a matsayin hakimi. Fage ya yi tsit. Sai wannan ya ɗaga murya: "Wanga ba ɗan wance mai hura na ba? Rawanin ma na baffanai na!" Daga nan sarauta ta ƙare. Duk umarnin da hakimi ya bayar, amsarsa shewa.

Inna mai raba gardama. Ita ba ta san wani abu wai shi kwaikwayo ba. Da miji ya ɗaga murya ya ce ya saki matarsa, sai ta ajiye ƙwaryar nono ta kutsa fage, ta kama hannun amarya: "Tashi mu tahi gida, ɗiyata." Amaryar kuwa ƙato ne ɗan aji uku da ya ɗaura zanen yayarsa. Ana ce mata, "Inna, wasa na muka yi," tana cewa ita tun da take ba ta taɓa jin an yi wasa da saki ba. Nan take wani ustazu zai mara mata baya, a koma fatawa, mai kyamara na kallon batir na ƙarewa.

Mai neman shiga hoto. Ba ruwansa da labarin. Zai ratsa bayan 'yan wasa da babur, ya dawo a ƙasa yana amsa wayar da ba ta yi ƙara ba, ya sake dawowa da wata rigar. Ana tsakar zaman makoki a wasan, shi yana bayan gawa yana ɗaga wa mutanen Legas hannu.

Alhaji mai liƙi. In magana ta yi masa daɗi sai ya manna wa ɗan wasa kuɗi a goshi. Ɗan wasa kuwa ba wawa ba ne: zai maimaita maganar nan har aljihun Alhaji ya huce. Fitowar minti biyu ta koma rabin sa'a, wanda aka tsara zai mutu ya ƙi mutuwa.

Baba mai ɗaure fuska. Yana gefe kan buzu, carbi a hannu, wai hanya ce ta biyo da shi. Bai taɓa dariya ba, bai kuma taɓa fashi ba. Shi 'yan wasa ke saton kallo. In gemunsa ya motsa, maganar ta zauna ke nan, gobe ma za a faɗe ta. In ya kaɗe buzu ya miƙe, a soke wannan fitowar.

Da dare mai shiri zai zauna tace hoto, ya tarar rabin abin da ya fi ban dariya ba shi ya rubuta ba, kuma ba ya yankuwa, don muryar Inna ta hau kan ta jarumi. Sai ya rantse gobe cikin gida zai ɗauka, a kulle ƙofar zaure. Washegari, kafin ya gama saita kyamara yara sun jeru bisa katanga, ɗan rahoto na tsakiyarsu, har ya fara sanar da na waje abin da ke gudana.