Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kafireta

Hajiya Kafireta Solex,
Saman Manifol, Ƙarƙashin Bonet,
Unguwar Peugeot 504.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ko da yake mun san da sauran magana, don tun daga bakin layi ake jin injin gidanku yana makyarkyata.

Hajiya, ƙararki aka kawo. An ce ke kike hana silo zama. Mota ta sheƙa daga Kaduna zuwa Zariya lafiya lau, amma da direba ya ɗaga ƙafa daga totur a danja sai sitiyari ya kama rawa, inji ya yi tari biyu ya mutu. Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna ake ɗora miki wannan laifi, kuma ba a cika jin ta bakinki ba.

Ni na ce a bi ba'asi. Aikinki ɗaya ne: ki gauraya iska wajen kashi 15 da fetur kashi 1, bisa nauyi. Wuta ba huruminki ba ce, don haka a fara da maƙwabta. Inji na silo, a zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, da filaya mai roba a hannu, don Malam Kwayil ba ya wasa da yara. Wayar da aka zare muryar inji ba ta canja ba, silindarta dama barci take. A buɗe dilko a duba kwantak, ko ratarsa tana nan a milimita 0.4, ko murfi ya tsage, ko taimin ya goce. Fulogin kansa mai ba da shaida ne: in ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa, in ya fito fari fat, yunwa inji yake ji.

Sai ɓarauniyar iska, wadda ta fi kowa ja miki zagi. Tiyon sabo (servo) na birki ya tsufa ya tsage, ko gasket ɗin da kike zaune a kai ya ƙone, iska ta shiga ta bayan gida ba ki auna ta ba. Mai kunne zai ji tana huci. In an ɗan ja cok inji ya natsu, to ko ita ce, ko kuma jet ɗin silo ya toshe.

Yawwa, a nan fa kada ki saki baki kina dariya, mun zo ƙofar ɗakinki. Wannan jet ɗin naki ƙofarsa ba ta fi ta allura ba, ƙurar hunturu ɗaya ko dattin man bumburutu ya ishe shi yaji. Fulot ɗinki kuma, in allurarsa ta daina rufewa, sai ki yi ta ɗura wa inji mai har salansa ta yi baƙin hayaƙi, mai mota yana kukan aljihu. Ga sandar totur da ta cinye gurbinta saboda shekaru. Girma ya zo, Hajiya, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaron gareji da sukudireba. Inji bai ko yi zafi ba, ya hau murɗa sukurorinki biyu, na silo da na gaurin mai, ya ɗaga silo sama har rawar ta ɓuya cikin ƙara, ya ce, "Oga, ta yi." Ba ta yi ba, an dai ƙara kuɗin mai. Wani ma waya yake zura wa jet ya faɗaɗa shi, maimakon ya wanke ya busa iska. In kuwa bawul ne ya ƙone, ko a kwana ana murɗa ki rawar na nan.

Ga hukunci: an sallame ki a kan beli. Kada wanda ya sake taɓa sukurorinki sai an duba wuta, an toshe ɓarauniyar iska, an canja matatar mai da ta iska, inji kuma ya yi zafi. In bayan wannan silo bai zauna ba, sai ki shirya, za a sauke ki a yi miki wankan fetur.

Naki,
Mai tsohuwar 504.