Kowa Ya Zama Furodusa a Daddara

Wata sabuwar annoba ta sauka a garin Daddara da ke hanyar Katsina zuwa Jibiya, kuma ba ta cikin waɗanda ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara rigakafinsu. Ba ruwanta da tsofaffi. Samari take nema, musamman wanda ya sayar da wakensa ko ya ɗan tara ribar kabu-kabu, kuɗi suka fara yi masa ƙaiƙayi a aljihu. Alamarta ta farko, yaro ya rataya abin saurare a wuya ko da babu abin da yake ji. Ta biyu, ya manna "DJ" a gaban sunan da mahaifinsa ya yanka rago ya raɗa masa. Ta uku, wadda daga ita sai addu'a, ya sanar da majalisa cewa zai buɗe situdiyo a shagonsa na ƙofar gida.

Daga nan maganar ta koma teburin mai shayi, inda kowa gwani ne. Wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba shi zai fi kowa ɗaga murya. Nan take majalisa ta rabu gida biyu: 'yan FL Studio da 'yan Cubase. Babu wanda zai iya gaya maka cewa ta farkon kamfanin Image-Line na Beljiyam ne ya yi ta, har ma da FruityLoops ake kiranta kafin 2003, ko cewa ta biyun ta Steinberg ce ta Jamus, tana nan tun 1989. Hujjar kowane ɓangare guda ce: "Wani yayana a Zoo Road da ita yake aiki." Ka kuskura ka ce akwai Audacity da ake saukewa kyauta, ko BandLab da ke aiki a kan waya, sai a kalle ka da tausayi. A wurinmu abin kyauta raini ne. Gara a kwafo wa yaro mai tsada ta bayan fage a wurin masu tura waƙoƙi, ta zo da rakiyar ƙwayoyin cutar da za su cinye aikin wata uku a dare ɗaya.

Sai tafiya Kano sayen kwamfuta. A Beirut Road, mai shago na ganin yaro da hula a karkace ya san kasuwa ta zo.

"Maigida, wannan daga Ingila ta sauka. Wata tsohuwa ce mai ita, wasiƙa kaɗai take bugawa."

Allah Ya ja kwanan tsohuwar nan, domin duk kwamfutar da ke kasuwar ita ta yi amfani da ita. Shi kuwa furodusanmu ba zai tambayi abin da ya kamata ba: shin RAM ɗinta ya kai giga 8, ma'ajiyarta SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, fankarta tana kururuwa, batirinta yana riƙe caji? Abin da ya dame shi madannai su riƙa kawo wuta ja da kore, domin su fito a hoton da zai ɗora a TikTok. Sai ya dawo gida ya gano cewa batirin yana da amana ƙwarai, matuƙar dai ba a zare wayar caji ba.

Dawowar ma wani karatu ne. Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san ba ta da ƙarancin shingaye, kuma kwali babba a bayan mota yana da farin jini.

"Mene ne a ciki?"

"Kayan waƙa ne, yallaɓai."

"Au, mawaƙi ne kai? To rera mu ji."

Ana rerawa kuwa sai a ɗaga hannu a ce direba ya wuce da sauri. Wasansa na farko a bainar jama'a ke nan, kuma shi ne karo na ƙarshe da muryarsa za ta buɗe masa hanya.

Babbar rigimar tana wurin makirfo. Dole sai mai ruwan zinare, irin BM-800 ɗin nan mai araha, a rataye shi cikin ragarsa yana lilo. Ba a gaya masa cewa irin wannan makirfo, wanda ake kira kwandensa, yana son wutar bolt 48 daga akwatin sauti kafin ya yi aiki yadda ya kamata ba. Ba a kuma gaya masa cewa kunnensa ya fi na maƙwabciya mai gulma ba. Komai ji yake yi. Tirelar da ta nufi Magama tana ciki, injin niƙan bayan gida yana ciki, akuyar liman ta samu baiti guda, mai tallar awara ta yi amshi. Ana tsakiyar baitin da masoyi ke cewa ba zai iya rayuwa ba, sai muryar Inna ta ratso katanga: "Kai, wanga ihu na mine ne? Tashi ka ɗebo mani ruwa!" A gaskiya wannan gurbin ne ya fi daɗi a waƙar, domin shi kaɗai aka faɗa da zuciya ɗaya. Kuma a shirya, idan jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Jibiya ya fara wucewa, an samu ƙarin makaɗi.

Da ya yi tambaya, da an ce masa a ɗaki mai hayaniya makirfon hannu na gama-gari, irin Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, ya fi rufa asiri, domin abin da ke kusa da bakinsa ya fi ɗauka. Amma wannan ya yi kama da na mai sanarwar ɗaurin aure, ba zai yi kyau a hoto ba. Haka ma akwatin sauti: maimakon ƙaramin Behringer ko Focusrite mai shigar da murya cikin kwamfuta a tsabtace, sai ya ɗauko V8 mai maɓallan tafi da dariya. Dabara ce mai kyau, tunda ya san ba za a tafa masa ba, ya sayi tafin da kuɗinsa.

Sai gyaran ɗaki. A nan ne masu shayi suka rasa gane inda kwalayen ƙwansu ke tafiya. An bi bango an manna su har rufi, an yi musu fenti baƙi, an zauna ana jiran shiru. Kwalin ƙwai ba ya tare ƙarar waje, iyakarsa ya ba kyankyaso masauki. Tsohuwar katifa, bargo mai kauri da labule sun fi shi rage amsa-kuwwar ɗaki, kuma duk suna nan cikin gida. Tare ƙarar tirela kuwa aikin bango mai kauri ne da ƙofa mai rufuwa ruf. Ga kuma wuta: ranar da murya ta buɗe an ɗauke ta, ranar da aka kawo ta mura ta kama mawaƙi. A tayar da janareta, shi ma ya shiga waƙar da nasa karin. Kuɗin da aka zuba a manyan sifikun da ke girgiza kwanon rufi, da an sa su a farantin sola da batir, da aiki ya yi nisa.

Idan duk an ƙetare waɗannan, saura maganin ƙarshe, Auto-Tune. Andy Hildebrand, wanda ya ƙirƙiro ta, injiniya ne da ya yi aikin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa kafin kamfaninsa Antares ya fitar da ita a 1997. Shi ya sa har gobe ake sa ta haƙo abin da ba a gani. An yi ta ne don ɗan daidaita muryar da ta kauce, mu kuwa sai mu murɗa ta har ƙarshe, yadda ko uwar da ta haifi mawaƙi ba za ta shaida shi ba.

Waƙa ta fito, mutum bakwai sun saurara, biyar cikinsu 'yan ɗaki ne. Sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce rufe boda na Agustan 2019 ne ya hana ta shiga Maraɗi. Wani ya ɗora wa katse layukan waya na 2021. Wani ya ce juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ne ya ɓata masa kasuwa. Sai ka ce waƙa buhun shinkafa ce da ake tsayarwa a shinge. Waƙoƙin Hamisu Breaker da na Umar M. Shareef ba su nemi takardar ƙetare iyaka ba, wayoyin mutanen Ɗan Isa da Maraɗi cike suke da su.

A jihar nan ta Katsina aka haifi Mamman Shata, a Musawa. Da kalangu da 'yan amshi ya yi zamaninsa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1999, kuma har yau direbobin hanyar Jibiya suna sa shi a mota. Ba shi da madannai masu wuta, yana da magana. Idan kuma an ce wancan zamanin da ne, to a Amurka Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana na gidan iyayensu suka naɗi kundin da ya lashe babbar kyautar Grammy a 2020. Ashe ɗaki ba shi da laifi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Don haka, ƙannena na Daddara, ba hana ku nake yi ba. Sana'a ce mai kyau, tana kuma ciyar da gidaje da yawa a Kano da Katsina da Maraɗi. Amma a bi ta daki-daki. Ku fara da wayar hannunku da manhajar kyauta, ku rubuta baitin da in an karanta shi ba kiɗa zai tsaya da ƙafarsa. Ku rera wa wanda ba ya jin kunyarku, ba abokin da kuke saya wa shayi ba. In ya ce a maimaita, sai ku nemi kwamfuta mai lafiya, ƙaramin akwatin sauti, makirfo ɗaya da ya dace da ɗakinku, da abin saurare mai rufe kunne. In kuwa ya tashi ya ce yana da uzuri, to ku bar kuɗin waken nan a sayi taki, damina tana tafe. Kuma don Allah a mayar wa mai shayi kwalayen ƙwansa.