Ranar da Na Mayar da Surukata Koriya

Rowa ce ta ja mini, ba na musu. Bayan sunan 'yarmu, uwargida ta ce in kai hotunan da ke waya wajen mai hoto a wanko su. Na ce haba, ga firinta a ɗaki tun bara tana shan ƙura, sai in ɗauki kuɗina in ba wani?

Da takardar buga wasiƙa na fara. Ta sha tawada kamar tsumma, ta fito jagab tana lanƙwashewa, jaririyar kuwa sai ka ce da gawayi aka zana ta.

Washegari na shiga kasuwa. Mai shago ya ce, "Alhaji, mai sheƙi ko marar sheƙi? Giram 180 ko 230?" Na zaci cinikin nama muke yi. Ashe nauyin takarda yake nufi, kuma wadda na ɓata a gida giram 80 ce. Takardar hoto tana da wani shafe a fuskarta da ke riƙe tawada kada ta malale. Tawadar ma iri biyu ce. Akwai ta rini, mai narkewa cikin ruwa: launinta na ɗaukar ido, amma rana tana koɗar da ita, ruwa kuma abokin gabanta ne. Akwai figiment, wadda ƙwayoyin launi ne ƙanana da ke zama a kan takarda, ta fi daɗewa, ta fi tsada. Ya ce kowace firinta da irin tata, kada in gauraya. Tawa ta rini take sha. Na yi hamdala, don ita ce mai araha.

Ina isa gida na sa takardar a kife. Hoton ya hau bayanta, inda babu shafen, tawadar ta tsaya ɗigo-ɗigo ta ƙi bushewa. Na ɗauka da hannu, na share gumi. Sai da uwargida ta kwashe da dariya na san rabin fuskar ƙanina yana goshina.

Na juya takarda, na zaɓi hoton Hajiya, surukata, tana riƙe da jikarta. Firinta launi huɗu take haɗawa: shuɗi, ja-ja, ruwan ɗorawa da baƙi. To, zaman shekara da ƙurar hunturu sun toshe ƙofar jan. Shuɗi da ɗorawa suka haɗu babu mai raba su, Hajiya ta fito koriya shar, kamar ɗanyen zogale. Na yi ta ba firinta umarnin wanke kanta har sau biyar, ban san da tawadata take wankan ba.

Ana cikin haka sai sallama. Kafin in ɓoye, yarona ya sure hoton da jiƙaƙƙen hannu, ya ruga yana cewa, "Hajiya, ga ki!" Na durƙusa ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana kallo, ga hancinta ya narke ya gangaro kan mayafi. Ba ta dube ni ba, 'yarta ta duba.

"Ke, ki tambayi Malam, wannan aljanar a wane gida aka yi sunanta?"

Da yamma na kai hotunan wajen mai hoto. Koren kuwa Hajiya ta tafi da shi, yana cikin jakarta, duk gidan biki sai ta fito da shi.