Yadda Iyaye Za Su Kwana a Sansanin 'Yan Sikawut Ba Su Ba 'Ya'yansu Kunya Ba

Dogon hutu ya zo, yaro ya shigo gida da takarda daga malamin sikawut: bana har da iyaye za a fita sansani, Yankari aka nufa. Alhaji, Hajiya, ku sa hannu, tafiyar ta cancanci wahalarta. Sai dai ku sani tun daga gida cewa a can yaronku ne mai gida, ku baƙinsa ne.

A fara da kaya. Hajiya, turmi da taɓarya su yi zamansu a tsakar gida, haka babbar tukunyar suna. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dambun nama, garin kunu da ɗan yaji sun isa. Alhaji kuma ya rataye babbar rigar nan mai aska takwas, don ƙaya ba ta san tsadar shadda ba. A nemi takalmi sau-ciki, tocila, buta, tabarma, da gidan sauro. Wanda ya manta gidan sauro a watan Agusta, shi da barci sai an dawo gida.

Da kun sauka, wani yaro mai gajeren wando da ƙyalle a wuya zai ƙame, ya miƙo wa Alhaji hannun hagu. Kada a yi salati, kada a tambayi ɗan gidan wa ne wannan marar tarbiyya. Gaisuwar 'yan sikawut ke nan a duniya duka, sun ce hagu ya fi kusa da zuciya. Karɓi hannun. In an koma gida ya gwada maka haka a zaure, sai ka yi masa faɗan da ka ajiye.

Sai batun usur, wanda ya fi komai yi wa iyaye maza nauyi. Tun watan Agusta na 1907, da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, rukuni huɗu ya raba su, kowane rukuni yaro ne ke jan ragamarsa. Tsarin ya iso Najeriya a 1915, har yau kuma a kansa ake. Saboda haka in ɗan shekara 13 ya busa usur ya ce a yi layi, darakta da ɗan kasuwa da malamin jami'a duk layi za su shiga. Kada ka ce masa, "Kai, ni na haife ka." Ya sani. Shi dai so yake a ɗebo ruwa kafin magariba, kuma sunanka ne a takardarsa.

Wajen kafa tanti a nan ake gane uba mai haƙuri. Za ka ga ɗanka yana kokawa da igiya, ƙullin ya warware, ya sake, ya kuma warwarewa, hannunka yana ƙaiƙayi. Zuba shi a aljihu. In ya ce, "Baba, riƙe min nan," sai ka riƙe nan ɗin kawai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma shi ne magini. Kuma ka saurare shi in ya hana ka kafawa a gindin babbar bishiyar da ka ƙyalla ido a kanta, ko a kwarin nan mai laushin ƙasa. An koya masa cewa tsawa dogon abu take nema, ruwa kuma kwari yake bi. An koya masa ya juya ƙofar tanti ta bar gabas, domin daga can hadarinmu yake tasowa da iskarsa. Ranar da tantin ya tsaya cikin marka bai ɗiga ba, dubi fuskar yaron. Kuɗin makarantar da ka biya duk shekara bai taɓa ba ka irin wannan kallo ba.

Hajiya, wutar girki ma tasu ce. Itacen damina jiƙaƙƙe ne, hayaƙi zai yi ta tashi, shinkafa za ta iya fitowa rabi ta caɓe rabi da sauranta. Ki ci, ki ce, "Sannunku da aiki, Allah ya yi albarka." In ba ki iya daurewa ba, raɗa wa shugaban rukuni cewa ƙirare busassu ana samunsu a jikin bishiya, ba a ƙasa ba, ki koma kan tabarmarki.

Abincin kuwa a rufe shi ruf. Birai na sansanin Wikki da ke cikin Yankari ba sa sallama, kuma sun san leda mai burodi tun daga nesa. Kada Alhaji ya bi biri da gudu saboda burodi guda, yara suna kallo. A huce haushin a ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka. Giwa kuwa, ciyawar damina ta yi tsayi, in ba a gan ta ba kada a tuhumi malamin sikawut.

Lokacin salla, bar gardamar alƙibla. Yaron yana da kamfas, zai nuna maka gabas da ɗan karkatawa arewa. Waya ma a kashe ta, kasuwa ba za ta tashi ba don ka yi kwana biyu a daji.

Da dare za a kewaye wuta, kowane rukuni ya kawo waƙa ko wasa. A nan ne kawai aka yarda iyaye su nuna gwaninta. Hajiya ta buɗe da gatanan gatananku, ta kawo Gizo da Ƙoƙi, ta ga yadda yaran da aka ce waya ta cinye su za su yi tsit. Alhaji ya ba da labarin zamaninsa, amma guda ɗaya, kuma kurar da ya kora tana nan guda ɗaya kamar yadda ya faɗa bara.

Da asuba a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, kunama tana son ɗumi. Ranar tashi kuma yara za su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin, su tsince komai har tsinken ashana, su kashe wuta da ruwa, su taɓa tokar su tabbatar ta huce. Ledar ruwan da suka tsinto bayan tantin iyaye za a ɗaga ta sama a tambayi mai ita. Alhaji, in taka ce, ɗaga hannu ka karɓa.