Rumbun Gajimare da Akwatin Burgu

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wani zamani da bai yi nisa ba, a Lafiyan Barebari, akwai Kurege da Burgu, maƙwabta ne a Bukan Sidi, katanga ɗaya ta raba su. Kurege dillalin riɗi da agushi ne. Da damina yakan bi ƙauyukan Doma da Obi da Assakio yana ba manoma bashin taki da kuɗin noma, da kaka su biya shi da buhu. Wanda ya leƙa shagonsa sai ya ce faƙiri ne, don ba komai ciki sai sikeli da benci. Dukiyar tana cikin waya: hoton kowace takardar yarjejeniya, da muryar kowane mai cin bashi yana faɗin sunansa da abin da ya karɓa, har da takardar filinsa na hanyar Makurdi.

Burgu kuwa mai ɗaukar hoto ne. Ba a ɗaurin aure, ba a suna, ba a bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, sai an gan shi da kyamara a wuya. Kun dai san halin Burgu da tara kaya, bai taɓa goge hoto ba ko da ya fito dishi-dishi. Da kwamfutarsa ta cika, sai ya tafi Abuja ya sayo wani baƙin akwati mai faifai biyu, ya jona shi da na'urar intanet ta gidansa. Da ya shigo zaure, waya da kwamfuta su juye aikin ranar cikin akwatin, ba tare da an ci masa data ko ta sisi ba. Faifan nan biyu kuma, abin da aka rubuta a ɗaya shi ake rubutawa a ɗayan. Burgu ya ce shi da fargaba sun yi hannun riga.

Bayan kakar 2023 sai ga Gizo ya kafa laima da ɗan teburi a bakin kasuwa. Kurege na wucewa ya tare shi.

"Alhaji, wayar nan taka in ta faɗa rijiya fa? Zo in buɗe maka rumbu a gajimare. Gara ba ta hawa can, ɓarawo ba shi da tsani. Masu rumbun, Google, suna ba kowa giga 15 kyauta."

"Kyauta?" in ji Kurege, kunnuwansa suka miƙe.

"Kyauta. Ni dai na goro za ka ba ni."

Gizo ya karɓi waya ya yi ta latse-latse. Da aka nemi lambar waya sai ya sa tasa. Da aka nemi kalmar sirri sai ya ƙago wata, ya rubuta a bayan katin waya, ya cusa a aljihu. Ya kwashe takardu da hotuna da muryoyi ya tura sama, sannan ya share na cikin wayar, wai don ta sha iska. Kurege bai tambayi komai ba, tunda dai in ya buɗe yana ganin kayansa.

Tun daga ranar, teburin Biri mai shayi bai ƙara zama lafiya ba. Burgu ya ce, "Maƙwabci, ka kwashi asirinka ka danƙa wa wanda ba ka san fuskarsa ba." Kurege ya ce, "Ni ko a Kano nake, in na ari waya zan ga takarduna. Kai fa? In an ɗauke wuta a Bukan Sidi, akwatinka da dutse ɗaya suke." Haka kullum, har Biri ya ƙara wa shayi kuɗi saboda zaman da suke masa.

Ran Alhamis, 14 ga Maris na 2024, a farkon azumi, Kura ta shigo shagon Kurege. Buhu goma na riɗi yake bin ta tun bara.

"Alhaji, na ji wai kana cewa goma. Ni uku na sani."

"Hajiya, zauna ki ji muryarki da kunnenki."

Ya buɗe waya. Wani ɗan zobe ya kama juyawa a fuskarta. Ya fita waje ya ɗaga ta sama, zobe na juyawa. Ya hau benci, ya kashe ya kunna, ya cire layi ya busa ya mayar, zobe dai na juyawa. Kura ta gyara mayafi ta ce, "To, idan muryar tawa ta sauko daga sama, ka aiko a kira ni." Ta fice tana dariyar nan tata.

Sai da dare Tarwaɗa, wadda danginta ke kai-komo daga Binuwai har teku, ta kawo labari. Manyan igiyoyi huɗu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa ne suka samu matsala a wajen gaɓar Kwaddebuwa: WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Ta cikinsu ne saƙo mai yawa na wannan yanki ke bi zuwa Turai. Bankuna ma ranar sun sha wuya, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A nan Kurege ya gane cewa rumbun nasa ba a sama yake ba. Gini ne na wasu, cike da irin faifan Burgu, a wata ƙasa, kuma hanyar zuwa can igiya ce a cikin ruwa. Burgu ya yi dariya har da hawaye, ya biya wa kowa shayin buɗa-baki.

Sabis ya dawo, amma wata rigimar ta kunno kai. A wannan shekarar ne aka fara lissafa ajiyar WhatsApp cikin giga 15 ɗin nan a wayoyin Android, ga bidiyon wa'azi da na biki da ake turo wa Kurege dare da rana. Waya ta fara kuka: rumbu ya kusa cika, ko ka biya haya duk wata, ko ka rage kaya. Kurege da biyan haya? Ya miƙa wa ƙaramin ɗansa wayar ya ce ya share tarkace. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Damina ta sauka. Wani dare aka yi hadari mai tsawa, aka ɗauke wuta, can tsakar dare aka dawo da ita da ƙarfin tsiya. Burgu ya ji ƙauri, ya tashi da tocila. Baƙin akwati ya yi shiru, ɗan koren idonsa ya mutu. Mai gyara ya buɗe ya duba ya girgiza kai: faifan biyu duk sun tafi, tunda wayar lantarki ɗaya ke ba su wuta, kuma a ɗaki ɗaya suke kwana.

Kwana uku bayan nan sai ga matar Zomo da kuyanginta, ta zo karɓar hotunan bikin 'yarta ta fari. Ta riga ta biya rabin kuɗi. Ta zauna a tabarma tana lissafi: na kamu, na sa lalle, na ɗaurin aure, da wanda aka ɗauki amarya tare da kakarta, wadda Allah ya yi wa rasuwa sati biyu bayan biki. Burgu ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar kyamara.

"Hajiya, a yi haƙuri. Wuta ce."

"Wuta ta ci har da na Inna?"

Bai amsa ba. Ta miƙe ba ta ce uffan ba, ta bar ruwan da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, ni dai a ganina.

Yanzu kuma Kurege ne ke biya wa mutane shayi. Biri ya ce masa, "Alhaji, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Kurege ya ce nasa gemun yana gajimare, can kuwa ruwa ba ya yankewa.

Kaka ta yi, motocin doya suka cika hanya, lokacin karɓar bashi ya zo. Kurege ya hau keke zuwa tasha, yana sauka ya shafa aljihu, wayam. Bai damu sosai ba. Ya sayi sabuwar waya ya ce a buɗe masa rumbunsa. Aka ce kalmar sirri. Ya garzaya wurin Gizo. Gizo ya ce katin da ya rubuta a kai matarsa Ƙoƙi ta hura wuta da shi. Aka ce to za a turo lamba ta layin da aka yi rajista da shi. Layin na Gizo ne, kuma yana cikin waɗanda aka toshe a 2024 saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Kurege ne ya biya kuɗin mota, ya biya na abinci, ya bi layi tare da Gizo har aka buɗe, ban da na goro da Gizo ya sake karɓa.

Rumbu ya buɗe. Bidiyon biki na nan, hoton motar da Kurege ke mafarkin saye na nan. Takardun bashi babu ko ɗaya. Yaron da aka sa sharar tarkace ya ga hotunan takardu marasa kyan gani da muryoyin tsofaffi suna lissafi, ya ce ai waɗannan ne tarkacen. Abin da Gizo bai faɗa ba shi ne irin wannan rumbu madubi ne: ka ɗaga hannu ya ɗaga, ka buɗe shi ka goge ya goge. Akwai kwandon shara da ke riƙe abin da aka zubar na wata guda ko biyu, amma wa ke duba littafin bashi a tsakiyar damina?

Ƙara biyu suka haɗu a gaban Malam Dila rana ɗaya, a gindin tsamiya: Kurege na ƙarar Gizo, matar Zomo na ƙarar Burgu. Maimakon su kare kansu, sai maƙwabtan nan suka koma musun da suka saba, kowa na cewa rumbun ɗan'uwansa ne ya fi muni. Malam ya bar su suka gaji, sannan ya kira Tsattsewa, wadda ke zuwa Turai duk shekara.

"Allah gafarta Malam," in ji ta, "rumbun gajimare ma yana cin wuta. Ran 10 ga Maris na 2021, a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda na kamfanin OVHcloud ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu. Waɗanda kwafinsu na biyu ke cikin wannan harabar, wasunsu ba su ƙara ganin kayansu ba."

Burgu ya fara murmushi. Tsattsewa ta juyo ta ce, "Kada ka yi sauri. A watan Yuni na shekarar, masu irin akwatinka, ƙirar My Book Live ta kamfanin Western Digital, sun wayi gari a ƙasashe da dama sun tarar an shigo ta intanet an share musu komai, ƙofar ɗakinsu kuwa a kulle."

Wuri ya yi tsit. Can sai aka ji tari daga bayan taro. Tsohuwa Bushiya ce, uwar adashen matan Tudun Gwandara, tana tafe da sanda.

"Malam, ina da muryar Kura. Ranar da ta karɓi kuɗin ni ce shaida, na ce wa ɗan nan Kurege ya turo mini."

"Inna, shekara guda da wani abu, har yanzu tana nan?"

"Ɗana, kuɗin marayu da zawarawa nake riƙewa, ba na wasa. Lissafina yana littafi, yana waya, wayar kuma tana turawa gajimaren nan naku, da layina da kalmata, jikata ta koya mini na haddace. Duk ƙarshen wata kuma ta juye komai a ɗan mimori, mu ba direba ya kai wa ƙanwata a Akwanga, ya karɓo na wancan watan. Na Akwanga ba ya jone da komai. In na goge a nan bai sani ba, in wuta ta zo nan ba ta kai can."

Burgu ya ce, "Inna, ai wannan wahala ce."

"Wahala ce mana. Wani watan ma mantawa muke. Kuma in ya dawo sai na sa an buɗe shi na ji da kunnena, don an taɓa kawo mini shi fanko."

Aka kunna murya. Kura ce tiryan-tiryan: buhu goma. Ta ce mura take yi ranar, ba a jin ta sosai. Malam bai ko kalle ta ba.

Ya yanke hukunci. Kura ta biya goma. Gizo ya cire layinsa daga rumbun Kurege a gaban shaidu, ya mayar da na goron duka biyu. Burgu ya mayar wa matar Zomo kuɗinta, ya kuma bi gida-gida wurin waɗanda suka halarci biki ya roƙi abin da suka ɗauka da wayoyinsu. An samu hoton kakar guda ɗaya, rabin fuskarta a bayan kafaɗar wata mata. Sauran basussukan Kurege kuwa, masu tsoron Allah suka kawo, waɗanda ba su da shi suka ce a nuna takarda. Game da wane rumbu ya fi, Malam ya ce ba a kawo masa wannan ƙarar ba, amma duk wanda ya sake zuwa gabansa da kukan abin da ya ajiye a wuri ɗaya, ko a sama ko a ƙasa, shi zai biya kuɗin zama.

Washegari Gizo ya koma ƙarƙashin laimarsa da sabon allo: ana sayar da mimori irin na Inna Bushiya. A jikin kowanne an rubuta giga 64, in ka zuba abin da ya wuce huɗu sai ya haɗiye ya ƙi amayarwa. Kurege, da ya ji araha, ya sayi biyu.

Ƙurunƙus kan ɓera. Kai kuma mai sauraro, kafin ka kwanta yau, buɗe wayarka ka duba layin wa ke kan asusunka, kuma ko ka san kalmar sirrinka da ka.