Ɗalibar da Ba Ta da Aji

Jego ne ya kai ni Amurka. Yayata ta haihu a Houston a ƙarshen 2023, Umma ta ce gwiwarta ba za ta jure zaman jirgi ba, aka duba gida aka ga ni ce na gama bautar ƙasa ina zaune ina ƙirga tayil. Aka nemo mini bizar ziyara, B-2, na sauka da jaka ɗaya ta kayana, ɗaya ta kanwa da yaji da kuka. Jami'in filin jirgi ya ba ni wata shida, aka rubuta a takardar I-94 cewa zuwa Afrilu in tattara.

Da aka yi arba'in aiki ya ƙare. Mijin Yaya, wanda kowa ke kira Injiniya, ya gan ni ina kallon talabijin da tsakar rana ya ce me zai hana in nemi digiri na biyu. Na nema, wata jami'a ta ɗauke ni. Matar ofishin ɗaliban ƙasashen waje ta ce hanya biyu ce. Ko in koma gida in yi intabiyu a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas, ko in zauna in aika fom I-539 ga hukumar USCIS ta mayar da ni ɗaliba, F-1, daga nan ciki. Injiniya ya duba kuɗin tikiti ya ce ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi da cacar biza ya shigo ƙasar, tun kafin a cire Najeriya daga cikinta, bai taɓa ganin kalar I-539 ba. Amma yana da muryar masu sani.

Kafin komai sai makaranta ta ba ni takardar I-20, ita kuma ba ta bayarwa sai ta ga shaidar kuɗin shekara guda, na karatu da na ci da sha. Kawu ne ya ɗauki nauyi. Kawu babban ɗan kasuwa ne a Dawanau, dukiyarsa tana cikin buhu. Na ce ya turo shaida, ya turo bidiyon sito, yara suna ƙirga buhunan riɗi da ƙarfi, shi yana gefe yana gyara musu lissafi. Matar ofis ta kalla har ƙarshe saboda kara, sannan ta ce takardar banki take so.

"Yanzu Bature bai yarda da riɗi ba?" in ji Kawu. "Shi da yake aiko a saya masa?"

Da ƙyar ya sayar da kaya ya zuba kuɗin a banki a watan Janairun 2024, lokacin dala tana wajen naira 900 a hukumance. Kafin Fabrairu ya ƙare ta haura 1,500. Kuɗin da ya ishi shekara ya koma na wata bakwai da ɗoriya.

"Wa ya taɓa?"

"Ba wanda ya taɓa, Kawu."

"To ina ya tafi?"

Ya cika, amma har yau duk wayar da muka yi, bayan gaisuwa sai ya gaya mini farashin riɗi na ranar.

Aka biya dala 350 na rajistar ɗalibai ta SEVIS, aka biya 370 na fom. A lokacin akwai layin gaggawa, dala 1,965, a ba ka amsa cikin kwana 30. Injiniya ya ce sauri ya haifi nawa. Ya kuma ce ta gidan waya za mu aika, bai yarda da intanet ba. Injiniyan kwamfuta ne, ya ce shi ya sa.

Daga ranar na shiga wani hali da ba a gaya wa mutum a gida. Afrilu ya wuce, amma tunda na aika fom kafin wa'adina ya cika, ba a ce in fita ba. Ba a kuma ce in zauna ba. Mai bizar ziyara ba ya fara karatu sai an amince. Ba ya aiki. In ya bar ƙasar kafin amsa ta zo, an ɗauka ya yafe fom ɗin da kuɗinsa. Abin da doka ta bar mini shi ne goyo da duba akwatin wasiƙa.

A Kano kuwa Umma ta gama sanar da unguwa. Ana ta kirana ana yi mini fatan alheri a jarrabawa. Wata maƙwabciya ta turo hoton ƙurjin da ya fito wa jikanta ta ce in nuna wa malamanmu. Kullum da dare Umma sai ta tambaya, "Yau me aka koya muku?" Ni kuma in ce, "Umma, ba a fara ba." Ta ce ai gara haka, su ma ashe suna yajin aiki.

Akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci. Ta ga lallen da na yi wa Yaya, ta ce in zo in yi wa 'yarta na biki, za ta biya. Injiniya ya tashi tsaye har yana zubar da shayi: wannan aiki ne, aiki kuwa shi ne ƙarshen fom. Na yi kyauta. Washegari Hajiya ta aiko da kula cike da shinkafa da wake da yajinsu na baƙin mai. Injiniya ya daɗe yana kallon kular yana tunanin ko a doka wannan albashi ne. Daga ƙarshe ya ci faranti biyu, ya ce gara a ɓatar da shaida.

Ranar 8 ga Yuli guguwar Beryl ta faɗo Houston. Wuta ta ɗauke wa gidaje sama da miliyan biyu, muka kwana muna fifita da kwali, Yaya tana cewa da ta sani da ta zo da fitilar caji daga Sabon Gari. Da waya ta dawo na duba lambar fom ɗina, sai ga sanarwa: an aiko miki wasiƙa ana neman ƙarin hujja. Abin da ake nema yana cikin wasiƙar. Wasiƙar tana cikin akwati. Akwatin kuwa ya bi iska.

Muka bazu a layi, ni da goyo, Injiniya da gajeren wando. A cikin shukar wani dattijo maƙwabci muka same shi, gida uku daga namu. Wasiƙar ta jiƙe sharkaf, muka shanya ta a kan bonet ɗin mota muka danne da duwatsu, muna gadinta kamar kilishi.

Da ta bushe muka ga tambayoyin. Daga ina wannan kuɗin ya faɗo banki lokaci guda? Wannan mai sauƙi ne, Kawu ya so ya sake turo bidiyo. Mene ne shaidar ba da niyyar karatu kika shigo ba tun farko? Na haɗa tikitin komawata da takardar haihuwar jariri. Yaron nan da bai iya zama ba yana da fasfon Amurka, ga shi ya zama mashaidina, yana ta barci a bayana.

Ta ukun ce ta tayar da ƙura: mene ne dangantakarki da mai ɗaukar nauyi? Na kira Umma. Ta ce Kawu ai Kawu ne. Na matsa, ta yi shiru, ta ce ɗan wan kishiyar kakarmu ne, amma tare suka tashi, kwano ɗaya. Na zana dangantakar a bayan kalanda, layi ya fita daga takarda ya hau tebur. Kawu da ya ji ana tambayar kawuntakarsa ya yi fushin da bai yi kan dala ba. "Ni da na yi miki huɗuba?" Ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce, ya sa magatakarda ya ƙara cewa shi ya biya kuɗin makarantar allona.

Agusta ya zo babu amsa. Makaranta ta ɗaga ranar farawata a I-20 zuwa Janairu. Duk da haka na je taron maraba da sababbin ɗalibai, na tsaya kusa da tebur, na tambayi matar ofis a hankali ko cin fiza ɗin jami'a yana cikin karatu. Ta ce ba ya ciki. Na yi abin da doka ta halatta sosai.

Da sanyi ya fara shigowa takardar ta iso, I-797A, da sabuwar I-94 a ƙasanta: F-1, D/S, wato in zauna muddin ina karatu. Yaya ta yi guɗa a falo. Injiniya ya ce ai ya faɗa. Umma ta ce alhamdu lillahi, tunda an samu, sai in zo bikin ƙanwata a Disamba in koma.

Na je wa matar ofis da maganar. Ta buɗe fasfona ta nuna mini: B-2 ce kaɗai a manne. USCIS tana canza matsayin zama, ba ta buga biza. Ina iya karatu, ina iya aiki a cikin makaranta awa 20 a mako, amma ranar da na fita, ba na dawowa sai na nemi bizar F-1 a ofishin jakadanci. A ina? Abuja ko Legas. Intabiyu.

Ranar Lahadi Kawu ya kira, muna kan tebur, na sa shi a sifika.

"'Yar nan, turo mini hoton bizar, zan nuna a kasuwa."

"Kawu, babu biza."

"An hana ki?"

"An ba ni, Kawu. Amma bizar sai na zo Abuja."

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ya ce, "Wace Abujar? Wadda aka ce mini an kauce mata? Ba ni Injiniya."

Injiniya ya ajiye cokali ya ce bari ya je ya duba akwatin wasiƙa. Yaya ta ce ai ba a kawo wasiƙa ran Lahadi. Ya ce ya sani, ya ja ƙofa.