Alhaji Tsumulmula da Motar da Ba Ta Shan Mai

Ranka ya daɗe Alhaji Tsumulmula, ɗan kawuna na kaina, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba.  Labarin motarka ya riga ka isa ko'ina. Daga Dambatta har Makoda babu majalisar da ba ta san ka sayo wata Beljiyam ruwan toka wadda ba ta shan mai, sai dai ta sansana ba. Masu shayi ma sun haddace lambar. “Kilomita 30 a lita ɗaya,” in ji ka, kana dukan sitiyari, kana kiran mutane su leƙo ta taga su gani da idonsu a allon gaban mota.

Ni ba na musu da manya. Amma tunda ɗan mace ne ni, al'ada ta ba ni lasisin faɗa maka abin da matanka ke tsoron faɗa: an yi maka sakiyar da ba ruwa, kuma wanda ya yi maka ita yana nan zaune gabanka kullum, yana ƙyalli da koren haske.

Mu fara da 30 ɗin nan. Motarka daga Amurka ta taso kafin ta biyo ta Kwatano, su kuwa Amurkawa ba ruwansu da lita ko kilomita. Da mil suke auna tafiya, da galan suke auna mai. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, galan ɗinsu kuma lita 3.8 ma bai cika ba, ko galan ɗin 'yan bumburutu mai lita 4 ya fi shi auki. Abin da allon ke faɗa shi ne mil 30 a galan guda, wato kilomita 48 a lita 3.8. Ɗauko wayar nan taka mai fasasshen gilashi ka raba: bai kai kilomita 13 ba. Kilomita 30 a lita ai lissafin babur ne, Alhaji. Kai kuwa har da buhunan gero a but da ragon suna a kujerar baya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda ka yi wa maƙwabcinka malamin firamare tsiya a gindin darbejiya. Tasa motar, wadda aka kawo daga Jamus, tana nuna 8, taka tana nuna 30, sai ka tuntsire da dariya har hularka ta faɗi, ka ce ya sayo rijiya. Bawan Allah ya yi shiru don kunya. To tasa cewa take lita 8 a kilomita 100, irin awon Turai ke nan, inda ƙaramar lamba ita ce abin alfahari. Kilomita 12 da rabi a lita. Kunnen doki kuke, ka je ka ba shi haƙuri, ka tafi masa da goro. Goro fa na ce, ba ɓarin da ya kwana a aljihunka ba.

Ko da ka karanta lambar daidai, akwai sauran rina a kaba. Kana tsammanin akwai wani ɗan mudu a cikin tanki da ke auna man da ya wuce? Babu. Kwamfutar motar ƙiyasi take yi. Ta san tsawon lokacin da ta buɗe kowace injekta, an kuma gaya mata tun daga masana'anta yawan man da sabuwar injekta ke fesawa in fanfon mai na turawa da ƙarfin da ya dace. Sai ta haɗa wannan da wancan, ta ce ga abin da aka sha. Nisan tafiya kuma daga juyawar taya take ƙirga shi, bisa zaton tayar da aka fito da ita ce har yanzu a ƙafarta. A sabuwar mota wannan zato bai cika yin nisa da gaskiya ba, ɗan bambanci ne, ko da yake yawanci ya fi karkata wajen faranta ran mai mota. Amma taka fa? Motar da ta girmi ɗanka na fari?

Fanfon manta bakanike ya sauya da wanda ya samu. Injektocin sun sha man jarka da na galan, wani da ruwa wani da tsatsa, in ɗaya na ɗiga fiye da ƙima ba ta rubuta wa kwamfuta takarda. Tayoyi kuwa, Allah Ya isa tsakaninka da tayoyi. Ranar da na duƙa na duba, huɗun nan ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, don kullum wadda ta fi arha kake ce wa mai faci ya ɗaura. In taya ta gaza ta asali girma, juyawarta ta fi yawa, sai kwamfuta ta ƙirga maka kilomitan da ba ka taka ba, lambar ta yi kyau. Ita kuma jar fitilar nan mai siffar inji da ke ta ƙorafi tun bara, na ga maganin da ka yi mata: ka manna mata baƙin salatif. Wadda ke faɗa maka gaskiya ka rufe mata baki, wadda ke yi maka daɗin baki kake goge ta da gefen babbar riga.

Kuma kada ka ɗauka ban ga dabararka ba. Sai ka hau kwalta, hanyar Kano ta miƙe, babu kaya babu kowa, sannan ka danna maɓalli ka goge tsohon lissafi, ka lallaɓa totur a hankali har lambar ta hau, ka tsaya ka ɗauki hoto. Me ya hana ka ɗauki hoton ranar da muka shiga burtali da buhunan taki, mota na nishi a giya ɗaya cikin rairayi, yara na turi? Ranar nan lambar ta zube ƙasa warwas, kai kuma ka kife hula a kanta ka ce rana ce ke kashe maka ido. Nan kam allon bai yi ƙarya ba, kai ne ka zaɓi ranar da za a saurare shi.

Ga sakin mota a firi da ka mayar ibada, wai tattali. Ina gangaren yake a ƙasarmu, in ba gangaren kududdufi ba? Kuma motar zamani in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya, da kanta take yanke mai. In ka sake ta a firi dole ta ci gaba da tsotsa don kada inji ya mutu. Rowar ma ba ka iya ta ba.

Sai babban ɓarawo, wanda ba kwamfutar da za ta taɓa gani. Lokacin rani, in injin ban ruwa ya ƙafe a fadamar Tomas, ina kake jin autanka ke samo mai? Na gan shi da asuba tsugune gefen tanki, ɗan tiyo a baki, yana tofar da yawu yana yamutsa fuska, galan na cika a hankali. Man da ya fita ta bakin tanki bai bi ta injekta ba, don haka a littafin motar ba a sha shi ba. Tumatirinku ya yi kyau bana, ba shakka. Motar ce ta ɗauki nauyinsa.

Ban ga laifinka ba da son lambar nan, kowa na neman abin da zai sanyaya masa rai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Amma fa kai ne mutumin da in ka je Dawanau sayen wake ba ka yarda da rantsuwar kowa. Sai ka zura hannu cikin buhu har gwiwa, sai an juye an auna a gabanka kwano bayan kwano, in ka ga gindin kwanon ya ɗan lotsa ka tara wa mai shi jama'a. Yau ga mota ita ce mai sha, ita ce mai awo, ita ce mai ba da shaida, kai kuma ka ce sadaƙallahu.

Ko Turawan da suka ƙera abin ba su yarda da juna haka ba. A 2012 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sake auna wasu motocin Hyundai da Kia, kamfanonin suka amsa cewa alƙaluman shan mai da suka manna wa motoci wajen 900,000 sun zarce gaskiya, a 2014 aka ci su tarar dala miliyan 100. Wannan takardar da ake manna wa sabuwar mota ce, ba allon ciki ba, amma dai ka ji: can ma sai da wani ya sake awo.

Awon kuwa ba wuya, ko ɗan aji uku zai yi. Ka shiga gidan mai ka ce a cika tanki har fanfo ya katse da kansa. Ka mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya sifiri. Ka yi harkokinka yadda ka saba, gona, kasuwar Badume, ta'aziyya a Kunchi, zance wajen bazawarar nan da kake tsammanin ba mu sani ba. In mai ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, fanfon nan, a sake cikawa har ya katse. Kilomitan da ka yi, ka raba su da litocin da suka shiga. A maimaita 'yan lokuta, don awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Saboda tayoyin nan naka 'yan uba, ka kunna taswirar waya ka gwada ko kilomitan motar ma na gaskiya ne. Ka kuma zaɓi gidan man da ka amince da shi, don ba a banza hukumar NMDPRA, wadda ta gaji DPR a 2021, takan garƙame wasu saboda tauye mudu ba. Autanka kuma a ɓoye masa tiyo.

Sai dai na san inda gizo ke saƙar. Sharaɗin farko shi ne cika tanki, kai kuwa tun da motar nan ta shigo gidanka allurar mai ba ta taɓa ganin rabi ba. Kullum “sa na 3,000”, kana leƙen mita, leɓenka na motsi. Yaran gidan mai sun san ka, da sun hango ruwan toka sai su fara zungurar juna. Shi ya sa ranar ɗaurin auren Bichi, da allon ya ce saura kilomita 40, muka yi 15 ta shaƙe. Wannan lambar ma ƙiyasi ce, daga ɗan abin da ke yawo a saman mai cikin tanki da kuma irin tuƙin da ka yi a baya-bayan nan. Ni na tura, da sabuwar shaddata, kai kana ciki kana ce mini wai datti ne ya toshe.

Don haka ga tayi. Ranar Juma'a bayan an sauko, mu je tare, malamin firamare ya zama alƙali. In lissafi ya ba ka ko da rabin 30 ɗinka, na yafe maka kuɗin sharar bana da na bara da ka maƙale. In bai ba ka ba, ka biya duka, ka haɗa da kuɗin wankin shadda. Biro da takarda ni zan kawo, kada wannan ya dame ka. Kai dai ka zo da kuɗin cika tanki, a taho da Hajiya babba kuma ta riƙe ka, don ban san yadda jikinka zai ɗauki ganin mita ta wuce 3,000 ba.